Idra, Tsibirin Matuƙa

A kudu maso gabashin Turai akwai wata ƙasa da ake kira Girka. Wanda ya duba taswira zai ga ta miƙo cikin Bahar Rum, ruwa ya kewaye ta gabas da yamma da kudu. Ban da babbar ƙasar, tana da tsibirai dubbai, manya da ƙanana, ko da yake waɗanda mutane ke zaune a cikinsu 200 ne da 'yan kai. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko ta ina.

Cikin tsibiran nan akwai wani ƙarami mai suna Idra. A taswirar Turawa akan rubuta shi Hydra. Tsawonsa wajen mil 12 ne, faɗinsa kuwa ko'ina bai wuce mil 4 ba. Kusan dukansa dutse ne, ba kogi, ba fadama, ba filin da za a yi gonar kirki. A ƙidayar 2021 mutum 2,000 da 'yan kai aka samu a cikinsa, watau wani ƙauyen ma ya fi shi jama'a. Duk da haka da wuya a sami ɗan makaranta a Girka wanda bai san sunan Idra ba, gama shekara 200 da suka wuce jiragen wannan ɗan tsibiri suna cikin waɗanda suka ƙwato wa ƙasar 'yancinta.

Hanyar zuwa

Baƙon da ke son ganin Idra sai ya fara sauka Atina, babban birnin Girka. Daga nan ya gangara Fireyas, tashar jiragen ruwa ta birnin, ya sayi tikiti ya shiga jirgi. Tsakanin Fireyas da Idra kamar mil 40 ne. Jiragen yanzu masu sauri ne, cikin sa'a biyu ko ƙasa da haka sun kai. Jirgin yakan nufi kudu, ya ɗan tsaya a tsibirin Foros ya sauke mutane, sa'an nan ya bi gefen wani yanki na babbar ƙasa da ake kira Felofonis.

Can sai baƙo ya hango wani dogon dutse toka-toka kwance cikin ruwa, kamar raƙumi ya gurfana. Ba ya ganin gari, ba ya ganin gona, har ya yi tsammani ba kowa a wurin. Jirgi yana cikin bin gefen dutsen sai ya juya, sai ga gari ya bayyana gaba ɗaya. Teku ta ɗan kutsa cikin dutsen ta yi lungu kamar jinjirin wata. Gidaje sun hau gangare sun kewaye lungun, wannan bisa wancan, waɗansu farare, waɗansu launin dutse, rufinsu na jan tubali. A bakin mashigar, dama da hauni, ga tsofaffin igwa jere bisa ganuwa suna duban teku. A gefe guda kuma ga siffar wani mutum da aka ƙera aka kafa don tunawa da shi. Sunansa Miyawulis, labarinsa yana nan tafe.

Garin da ba mota

Abin da zai fara ba baƙo mamaki in ya sauka shi ne shirun garin. Ba ƙarar mota, ba ta babur. Dokar wurin ta hana su, har keke ma ba a hawa cikin gari. 'Yan motocin hukuma kaɗai aka bari, kamar ta kwashe shara.

Ko da doka ba ta hana ba, mota ba ta da inda za ta bi. Hanyoyin garin matsattsu ne, an daɓe su da duwatsu, galibinsu kuwa matakala ne. Wani gidan sai mutum ya taka matakala fiye da ɗari kafin ya kai ƙofarsa. Saboda haka jakuna da alfadarai su ne motocin Idra. Alfadari shi ne ɗan da goɗiya ke haifa wa jaki. Ya fi jaki girma da ƙarfi, kuma ƙafarsa ba ta cika zamewa a dutse ba. Kowace safiya suna nan jere a bakin tasha, masu su na jiran aiki. Duk abin da jirgi ya kawo, su ke hawa da shi: buhunan gari, kwalaben ruwa, siminti, katako, gadaje, har da firiji. Akan ɗaura su uku ko huɗu a jere, mai su yana gaba, suna bin matakala tiƙis-tiƙis har su ɓace cikin lungu.

Mai son zuwa wata unguwa ta bakin teku, kamar Kaminiya inda masunta ke ajiye kwalekwalensu, ko dai ya taka a ƙasa ko ya shiga ƙaramin jirgin haya. Wanda ke da ƙarfin gwiwa kuwa yana iya hawa har ƙwanƙolin dutsen Eros, wurin da ya fi ko'ina tudu a tsibirin, kusan ƙafa 2,000 daga fuskar teku.

A tsakiyar tasha akwai hasumiyar agogo ta farin dutse, a ƙofar babbar majami'ar garin, gama mutanen Idra Kirista ne kamar yawancin Girkawa. Gindinta ne matattarar jama'a. Nan ake shan gahawa, nan ake jiran jirgi, kyanwoyi kuwa ga su nan birjik suna dakon masunta.

Sha'anin ruwa

Sunan Idra ya samo asali daga kalmar ruwa a harshen Girkawa na dā, domin an ce a wancan zamani akwai maɓuɓɓugai a tsibirin. Amma daga baya sunan ya zama kamar gatse. Teku ta kewaye su, ga ruwa iyakar ganin ido, amma na gishiri ne, ba ya shawuwa, ba ya raya shuka.

A ƙasar Girka ruwan sama da sanyi yake zuwa, tun daga wajen Oktoba har zuwa Maris. Watannin zafi kuwa sai a yi ta rana, da ƙyar a ga ɗigo. Don haka mutanen dā, in za su gina gida, sai su fara haƙa babban rami a ƙarƙashinsa, su shafe shi yadda ba zai yoyo ba. Ruwan da ya sauka a rufi sai indararo ya kai shi cikin ramin. Abin da gida ya tara da sanyi, shi zai sha har sanyi ya kewayo. Akwai kuma waɗansu rijiyoyi biyu a saman gari, ana kiransu Kala Figadiya, watau Rijiyoyin Kirki, inda mata kan je ɗiban ruwa. Da baƙi suka yawaita, ramuka da rijiyoyi suka kasa, sai aka riƙa kawo ruwa cikin jirgi daga babbar ƙasa. A 2014 aka kafa injin da ke cire gishiri daga ruwan teku ya mai da shi na amfani.

Baƙon da ya ga wannan ƙarancin, in ya ɗaga kai sai ya ga wani abin da bai dace da shi ba. Ga waɗansu manyan gidaje na dutse, hawa uku ko huɗu, kamar fadar sarakuna, tsaye a kan gangare. Tilas ya tambayi kansa, su wane ne suka gina waɗannan a wurin da ko ruwan sha ba ya isa, kuma ina suka sami kuɗin?

Yadda makiyaya suka zama matuƙa

Shekaru aru-aru Idra ba ta da mutane sai 'yan tsiraru. Daga ƙarni na 15 zuwa na 17, yaƙe-yaƙe suka dami yankin Felofonis, mutane suka riƙa gudowa suna ƙetarowa tsibirin. Da yawansu suna magana da wani harshe dangin na Albaniya. Makiyaya ne da manoma, ba su san teku ba. Abin da ya kawo su shi ne wurin ba shi da abin da wani zai yi kwaɗayi, ba wanda zai biyo su. Gidajensu na fari can bisa dutse suka gina su, a unguwar da ake kira Kiyafa, don tsoron 'yan fashin teku.

Jama'a ta ƙaru, dutse kuwa bai ƙaru ba. Awaki suka cinye 'yar ciyawar da ke akwai, gona ba ta ciyad da gida. Ya zama ko su koma inda suka gudo, ko su nemi abinci a kan ruwa. Sai suka zaɓi ruwa. Suka fara sassaƙa ƙananan jirage, suna kai kaya tsakanin tsibirai maƙwabta. Na farkon ba su da kyau, amma yau da gobe sai hannu ya faɗa. Jirage suka ƙara girma, tafiya ta ƙara nisa, har suka kai Istambul da Iskandariya ta Masar. Hausawa sun ce wani hani ga Allah baiwa ne. Da ƙasar Idra ta yi albarka, da watakila manoma za su zauna har yau.

Jiragen wancan zamani ba su da inji. Iska ke tura su. Akan kafa dogayen itatuwa a tsakiyar jirgi, a ɗaura musu manyan ƙyallaye masu kauri da ake kira filafilai. In iska ta cika su sai jirgi ya tafi. Gwanintar matuƙi ita ce ya san yadda zai karkata filafilan ya kai inda ya nufa, ko da iskar ba daga bayansa take busowa ba. Ya san taurari, ya san inda duwatsu ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, ya gane hadari tun bai taso ba. Yaro a Idra tun yana ƙarami yake bin ubansa cikin jirgi. Suna da makarantar koyon tuƙi kuma, wadda suke ƙidaya farkonta daga 1749.

A lokacin nan yawancin Girka tana ƙarƙashin Sarkin Turkawa da ke Istambul. Amma da yake Idra dutse ce, Turkawa ba su zauna a cikinta ba. Dattawan gari ke tafiyad da al'amuransu. Abin da ke kansu shi ne haraji, da kuma aika samari kowace shekara su yi aiki a jiragen yaƙin Sarki. Can samarin suka ga yadda ake sarrafa manyan jirage. Ga kuma 'yan fashin teku da suka cika Bahar Rum, har ya zama kowane jirgin fatauci sai ya ɗauki igwa. Ta haka matuƙin Idra ya zama falke, ya kuma zama mayaƙi.

Alkama da arziki

A 1774 Rasha da Turkawa suka yi sulhu bayan wani yaƙi. Sulhun ya buɗe wa jiragen fatauci hanyar shiga Bahar Aswad, tekun da ke arewa da Istambul, kuma ba da daɗewa ba aka yardar wa jiragen Girkawa su ɗaga tutar Rasha. Ƙasar da ke arewacin tekun nan ƙasar alkama ce, tana da araha ƙwarai. Mutanen Idra suka shiga sayenta suna kaiwa yamma.

Ana nan sai Turai ta rikice. Faransa ta yi juyin mulki a 1789, yaƙi ya biyo baya, ya ci gaba a zamanin Nafoliyon har 1815. Jiragen yaƙin Ingila suka tsare tashoshin Faransa da na Sifen don kada abinci ya shiga. Alkama ta yi tsada a can, wanda duk ya iya shigar da ita ya yi kuɗi. Matuƙan Idra suka ce su za su iya. Sukan jira dare mai duhu ko ranar hadari, su sulale ta tsakanin masu tsaro su shiga tasha. Wanda aka kama ya rasa jirgi da kaya. Wanda ya tsira kuwa ya sayar da ninkin ba ninkin.

Akwai wata al'ada da ta ƙara musu himma. Galibi ba albashi ake biyan matuƙa ba. In an komo daga tafiya sai a fid da uwar kuɗi, a raba riba tsakanin masu jirgi da masu jari da ma'aikata, kowa da rabonsa. Don haka ba mai yin ha'inci a wurin aiki, gama in jirgi ya yi hasara kowa ya yi.

Cikin shekarun nan ne aka gina manyan gidajen da baƙo ya gani. Aka ɗauko magina daga Italiya, aka sayo madubai da agogai da kujeru daga biranen Turai. Har ana ba da labari wai waɗansu attajiran a ramin ruwa suke ajiye zinariya don ta fi ƙarfin akwati. Jama'ar tsibirin ta haura 15,000, jiragensu sun fi 100.

Da yaƙin Turai ya ƙare a 1815, tashoshi suka buɗe, alkama ta faɗi. Jirage suka tsaya cirko-cirko a tasha, dubban matuƙa suka rasa aikin yi.

Yaƙin neman 'yanci

A watan Maris 1821 Girkawan babbar ƙasa suka tashi neman 'yanci daga mulkin Turkawa. Ba su da jirgin yaƙi ko ɗaya, in kuwa ba a tsare teku ba, Sarki zai yi ta aiko da mayaƙa ta ruwa har ya murƙushe su. Idanu suka koma kan tsibirai uku masu jirage, watau Idra da Sifetsis da Fisara.

Attajiran Idra suka yi ta jinkiri. Ba a matsa musu ba a ƙarƙashin Sarki, kuma su ne ke da abin hasara. In aka ci su, gidajensu da iyalinsu da jiragensu duk sun tafi. Sai wani sarkin jirgi mai suna Antonis Ikonomu ya tara matuƙan nan marasa aiki, suka karɓe ikon gari. Cikin watan Afrilu Idra ta shiga yaƙi. Da attajiran suka ga an riga an shiga, sai suka kama da hannu biyu. Babbansu, Lazaros Kunduriyotis, ya buɗe taskarsa yana biyan matuƙa, yana sayen albarushi da abinci shekara da shekaru, har yawancin dukiyarsa ta tafi. A 1822 aka ba Andariyas Miyawulis shugabancin jiragen. Shi ma falken alkama ne, an haife shi a 1769, ya riga ya haura shekara hamsin.

Jiragen Sarki manya ne ƙwarai, wani yana ɗauke da igwa 70 ko 80. Na Girkawa kuwa na fatauci ne, in aka yi gaba da gaba ba za su kai labari ba. Sai suka koma ga dabara, ita ce jirgin wuta. Akan sami tsohon jirgi a cika shi da albarushi da kwalta da ƙaro da busassun itatuwa, a ɗaura ƙugiyoyi a jikinsa, a jawo ɗan kwalekwale a bayansa. Mutum kamar ashirin su shiga, su bi iska su nufi babban jirgin abokan gaba, ana ta harbinsu. In sun isa sai su maƙala shi, su cinna wuta, su dira cikin kwalekwalen su yi ta tuƙi iyakar ƙarfinsu. In an cinna da wuri, jirgin ya ƙone a banza. In an makara, masu cinnawa ba su komowa.

A watan Yuni 1822 wani mutumin Fisara, Kanaris, ya ƙone jirgin shugaban rundunar Sarki da dare a tsibirin Hiyos. A 1824 rundunar Sarki ta faɗa wa Fisara ta rushe ta, aka kashe mutane da yawa, aka kama waɗansu. Mutanen Idra suka san abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Cikin watan Agusta na shekarar Miyawulis ya tari jiragen Sarki da na Masar a wani wuri da ake kira Gerontas. Sun fi nasa yawa da girma nesa ba kusa ba, amma jiragen wuta suka sa suka ja da baya. Har yaƙi ya ƙare ba a taɓa sauka Idra ba. Sa'ad da aka kewaye garin Mesolongi da yaƙi, yunwa ta kama mutanensa, Miyawulis ya sha ratsa masu tsaro ya kai musu abinci, kamar yadda ya saba kai alkama Faransa. Daga baya hanyar ta toshe, garin ya faɗi a 1826.

Girkawa sun jigata ƙwarai, har abin ya kusa gagararsu. A 1827 jiragen Ingila da Faransa da Rasha suka hallaka rundunar Sarki da ta Masar a Nabarino. A 1830 manyan ƙasashen nan suka amince Girka ta zama ƙasa mai mulkin kanta.

Bayan yaƙi

Girka ta sami 'yanci, Idra kuwa ta fito hannu rabbana. Jirage da yawa sun nutse ko sun ƙone, taskoki sun ƙare. Masu jirage suka nemi sabuwar gwamnati ta biya su abin da suka kashe, ita kuwa baitulmalinta ba kome. Gardama ta yi tsanani har ta kai ga faɗa tsakanin 'yan ƙasa ɗaya. A 1831, a tashar Foros, Miyawulis da kansa ya sa aka fasa Helas, jirgin yaƙin da ya fi kowane girma a Girka, don kada ya koma hannun abokan gardamarsa. Mutane da yawa sun zarge shi a kan wannan, ko da yake ba su manta da aikinsa na dā ba. Ya rasu a 1835. Aka ajiye zuciyarsa cikin wani kasko na azurfa, yana nan a gidan tarihi da ke bakin tashar Idra.

Sa'an nan kuma zamani ya juya. Jiragen tururi suka fito, ba ruwansu da jiran iska. Ciniki ya koma tsibirin Siros da Fireyas, inda tasha ke da faɗi. Mutanen Idra ba su da kuɗin sayen sababbin jirage, sai suka riƙa ƙaura gida-gida.

Waɗanda suka rage suka koma ga soso. Sosonsu ba irin wanda ke yaɗo a jikin danga ba ne. Wata halitta ce mai rai da ke manne da duwatsu a ƙarƙashin teku. In an ciro ta an wanke an shanya, sai ta yi laushi, Turawa na sayenta da tsada don wanka. Jirage kan tashi da bazara su nufi gaɓar Afirka ta Arewa, wajen Libiya da Tunisiya, ba su komowa sai sanyi ya gabato. Mai nutso yakan sa riga ta roba da hular ƙarfe, ana hura masa iska ta cikin mesa daga jirgi. Sana'ar tana da haɗari. In mutum ya daɗe a zurfi sa'an nan ya taso da gaggawa, iskar da ta narke cikin jininsa sai ta yi kumfa, kamar yadda lemon kwalba ke yi in an buɗe shi. Waɗansu suka mutu, waɗansu ƙafafunsu suka shanye. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙago soson roba mai araha, wannan sana'a ma ta mutu.

Duk da talaucin, tsibirin bai daina fid da manyan mutane ba. Wani daga zuriyar Kunduriyotis, mai suna Fabulos, shi ya shugabanci jiragen yaƙin Girka a 1912, kuma a 1924 ya zama shugaban ƙasa. A Idra aka binne shi.

Idra a yau

Da yake ba kuɗi, ba wanda ya rushe tsohon gida ya gina sabo, ba wanda ya fasa dutse ya yi titi. Gari ya zauna yadda masu jirage suka bar shi. Can sai masu zane da marubuta suka gano wurin, suka fara zuwa suna kama gidaje da araha. A 1957 aka nuna wani silima da aka ɗauka a tashar Idra, mutanen ƙasashe da yawa suka ga garin suka yi sha'awarsa. Hukuma ta sa doka kada a sāke kamannin gidajen. Yanzu yawancin mutanen tsibirin da baƙi suke ci, masu masauki da masu abinci da masu alfadarai da masu jiragen haya. Da zafi gari ya cika maƙil, da sanyi kuwa a bar 'yan gida su kaɗai.

Baƙo yana iya shiga gidan Lazaros Kunduriyotis, wani babban gida mai launin rawaya a kan tudu, wanda aka mayar gidan tarihi. Zai ga ɗakunan da aka ƙulla shawarwarin yaƙi, da tufafi da kayan ɗaki na wancan zamani. In ya zo a ƙarshen watan Yuni zai tarad da bikin tunawa da Miyawulis. Akan yi kwanaki ana kiɗa da rawa da tseren kwalekwale. A daren ƙarshe sai a jawo wani jirgi da aka shirya don haka zuwa bakin tasha, a cinna masa wuta, jama'a na kallo daga kan ganuwa.

Makarantar tuƙi kuma tana nan, cikin ɗaya daga manyan gidajen bakin tasha. Matasa daga sassan Girka suna zuwa su koyi aikin sarkin jirgi, in sun gama su kama aiki a manyan jiragen fatauci masu zuwa ko'ina a duniya. Da maraice, sa'ad da baƙo ke jiran jirgin komawa Fireyas, zai gan su sun fito cikin kayan makaranta suna yawo a gindin hasumiyar agogo, alfadarai kuwa an sauke musu kaya, ana hawa da su gida.

Tambayoyi

1. Mene ne tsibiri? A wace ƙasa Idra take?
2. Don me ba a hawa mota a Idra? Da me ake ɗaukar kaya?
3. Yaya mutanen dā suke tara ruwan sha?
4. Me ya sa makiyayan Idra suka koma tuƙin jirgi?
5. Daga ina suke sayo alkama, ina kuma suke kai ta?
6. Bayyana yadda ake shirya jirgin wuta.
7. Don me attajiran Idra suka yi jinkirin shiga yaƙi a 1821, me kuma yaƙin ya ci musu?
8. Zana taswirar Girka, ka nuna Atina da Fireyas da Idra.